Aikin rukuni ya gagara a ajina: ta ina zan fara koya musu sauraron juna?

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a nan Jos. Ajin cike yake maƙil, kuma benci dogaye ne, ba sa juyuwa. Da zarar na raba su rukuni-rukuni don lissafi ko kimiyya, sai aji ya koma kasuwa.

A kowane rukuni sai an samu mai ƙoƙari ɗaya ya fizge takardar ya rubuta komai shi kaɗai, sauran su zuba masa ido ko su ɓarke da hira. 'Yan matan kuwa in an haɗa su da maza sai su yi gum. Da kunnena na ji wata ta raɗa amsa daidai, na kusa da ita ya faɗa da ƙarfi, aka tafa masa. Waɗanda Turancinsu bai nuna ba, su ma ba a ba su dama.

Na naɗa shugabanni, suka koma monita, sai rubuta sunayen masu surutu. Na raba ayyuka, wannan rubutu, wancan gabatarwa, aka yi ta rigima kan wa zai fita gaban allo. Na bar su su zaɓi abokansu, aka ware marasa ƙoƙari gefe. Bulala dai ba na so, ba ta koyar da haƙuri.

Darasin minti 35 ne kacal. Wane gajeren atisaye kuka gwada da yara masu shekara tara zuwa goma, wanda ya koya musu jiran layi wajen magana da sauraron juna kafin a ba su aikin?