Gudun safe ya kumbura mini gwiwa

Assalamu alaikum. Shekaruna 56, ina wani ƙauye kusa da Ringim. A asibiti aka ce hawan jini ya fara kama ni, in riƙa motsa jiki minti 150 a mako. Sai na koma gudu bayan sallar asuba a hanyar gona, kamar lokacin da nake buga ƙwallo.

Yanzu gwiwar dama kumbura take da yamma, daga sujada sai na dafa bango nake miƙewa. Na shafa man zafi, na huta, na sake takalmi, ina komawa ciwon ya dawo. Tafiya kuma ko gumi ba ta sa ni, keke yashi ya hana.

Don Allah, yaya mai shekaruna zai gane ƙarfin da ya ishi zuciya bai ɓata gwiwa ba?