Ran da korama ta tare ku, ya kuka yi?

Ɗan Kance: Salamu alaikum ƴan uwa. Shekaranjiya na taso daga Damagaram, ko ɗigo bai taɓa ni ba a hanya. Ina isa mashigin ƙauyenmu na tarar korama ta kawo, ja wur, har da rassan gawo take tafe. Ashe can sama aka yi ruwan. Gidan mutanen da ban sani ba na kwana, ina hangen fitilar gidana. Wa abin ya taɓa samu?

Wata daga wajen Dogo: Malam, kai kwana kawai ka yi. Ni da naƙuda ta tare ni, cikin Agusta, a bisa amalanke. Shanu suka toge a bakin ruwa, maigidana na ta dukansu, surukata ta ce, "Kai, ƙyale su, sun fi ka sanin abin da ke ciki." Gindin wata goriba aka kare ni da zannuwa, tsohuwar da kanta ta yanke cibi. Sai washegari da hantsi muka kai likita. Yarinyar yanzu tana lakkwal, kakarta ba ta kiran ta sai Ta-Korama.

Mai kabu-kabu: Allah ya raya, Yaya. Ni ba zurfin nake tsoro ba, yashin da ke zarewa ƙarƙashin ƙafa. Kara nake kafawa a bakin ruwa in zauna. In ruwa ya janye ya bar karan, sai in ba samari dala ɗari su ɗauke moto. Sau ɗaya na yi gardama, sati biyu tana wurin mai gyara.

Dattijo mai lambu, wajen Matamaye: Ƴaƴana, ku rage zagin korama. Raken da kuke sha a Birni da Zango, unguwannin Damagaram, wa ya shayar da shi? Da rani ramin da bai kai tsayin mutum biyu ba muke tonawa a fadama, ga ruwa, mu yi shu da tumatir da albasa. Abin da ya dame ni yashi ne. An sare itacen tudu, yanzu ruwa da gudu yake zuwa. Damanar 2024, wadda tsohon masallacin Birni ya faɗi, dare ɗaya ya binne mini rabin rake da rijiya biyu.

Ɗan Kance: Allah ya mayar da alheri, Baba. To wanda ya biyo ta mashigin yau da safe ya gaya mana, amalanke na wucewa? Ina da awaki biyu da zan kai kasuwa.