Hoton Fijon marigayi Baba ya ƙi fitowa daidai

Ɗan Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mana farar Fijo 504, haɗin Kaduna. Da ita yake kai mu gida duk babbar sallah, Legas har Zariya, mu 6 a ciki, but ɗin motar cike da tsaraba. Yanzu Kawu ya dage a sayar a raba gado, mai saye zai zo ran Asabar. Hoto ɗaya nake so na rataye a ɗakin Inna. Na ɗauki fiye da 30 da waya, na gyara a manhajar gyaran hoto ta Snapseed, amma ƙanwata ta ce wannan ba motar Baba ba ce: fentin ya koma shuɗi-shuɗi, gaban kuma ya kumbura. Ina na kuskure?

Mai Hoton Idi-Araba: Allah ya gafarta masa. Ka matsa kusa da yawa, ƙanena. Idon kyamarar waya mai faɗi ne, duk abin da ya kusance shi sai ya kumbura. Ja baya taku 10, danna 2x don jawo hoton kusa, durƙusa daidai fitilar gaba, ka ɗauko ta ta kusurwa yadda gaba da gefe za su fito tare. Shuɗin kuwa inuwa ce: farin fenti a inuwa launin sama yake ɗauka, kai kuma ka ƙara masa kala. Fito da ita bayan la'asar.

Maman Khalifa: Ka gode Allah kana ganin motarku. Motar Bitil ɗin babanmu, haɗin Ojo a Legas, ina makarantar kwana aka sayar. Ba wanda ya faɗa mini, ko hoto babu.

Na Obalende: Mayar da shi baƙi da fari kawai, ka huta. Kuma kar ka fito da ita titi. Ni da na tsaya ɗaukar wata tsohuwar Marsandi, 'yan tasha suka rufe ni sai da na biya.

Mai Hoton Idi-Araba: A'a. Baƙi da fari ba zai gyara kumburi ba. Yi yadda na ce, kuma kar danfo, bas ɗin haya na Legas, ya shigo bayanta, rawayar nan janye ido take.

Ɗan Agege: Na gode Yaya, amma da gangan na ƙara kalar da haske. Ba na son tsatsar ƙofa ta fito, Baba bai taɓa barin ta haka ba. Kuma tun bara ba ta tashi, tana ƙarƙashin rumfa.

Mai Hoton Idi-Araba: Ai da ka faɗa tun farko. Samo yara 4 su turo ta waje.

Ɗan Agege: Layinmu bai kai taku 10 ba Yaya, ga kwata a bakin ƙofa. Makullin ma yana hannun Kawu.