Matar gidan da nake haya ta ce kapha ce ke narkewa a jikina, in bi tsarinta ko in nufi asibiti?

Ɗalibar Pune:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatu a birnin Pune na ƙasar Indiya, ina haya a gidan wata dattijuwa da muke kira Anti. Tun bayan bikin Holi kullum da safe nake tashi hanci a toshe, atishawa ba ƙaƙƙautawa, idanu na ƙaiƙayi, ga kasala. Idan na dawo daga makaranta sai barci.

Anti ta ce ba ciwo ba ne, lokacin shekarar da suke kira Vasanta ne ya shigo, wata aba da masu maganin gargajiyarsu ke kira kapha ce ke narkewa a jikina. Ta hana ni barcin rana, ta hana ni dahi, wato kindirmo, da dare, ta hana ruwan firiji da soye-soye da kayan zaƙi. Da asuba sai ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da kofin ruwan ɗumi da ta dafa citta a ciki, wai in sha sannan in hau rufin bene mu yi wani motsa jiki na yoga mai suna Surya Namaskar da wani numfashi mai ƙarfi da take kira kapalabhati. Ranar Gudi Padwa kuwa, bikin sabuwar shekararsu, ganyen darbejiya ta daka da mazarƙwaila ta tsare ni sai da na haɗiye. Ta saya mini wata 'yar buta ta wanke hanci, neti. Yanzu kuma ta ce za ta kai ni wurin wani vaidya, mai maganin gargajiyarsu, ya yi mini vamana, wato a sa ni amai da gangan, har ta kawo mini wasu ƙwayoyi baƙaƙe a ƙunshin takarda, ba suna ba komai.

Matar nan tana ƙaunata, ba na so in watsa mata ƙasa a ido. Amma wanne zan ɗauka wanne zan bari? Sannan Surya Namaskar ɗin, na ji an ce gaisuwa ce ga rana, zuciyata ba ta kwanta ba.

Baban Yasmin:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na daɗe a ƙasar nan, kuma duk shekara idan Maris ya yi tsakiya sai maƙwabtana su fara irin wannan hidimar, don haka bari in gaya miki inda Antinki ta samo maganarta. Ba ita ta ƙirƙira ba.

A Ayurveda, wato maganin gargajiyar Indiya, shekara kashi shida ce, kowane kashi wata biyu, kuma kowanne da tsarin cinsa da kwanciyarsa. Shi ne suke kira ritucharya. Yana nan a tsohon littafinsu Charaka Samhita, wani malaminsu na dā, Vagbhata, ma ya ware masa babi guda a littafinsa Ashtanga Hridaya. Vasanta ita ce watannin Chaitra da Vaishakha, kusan tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Mayu. A fahimtarsu abubuwa uku ne ke tafiyar da jiki, vata da pitta da kapha. Kapha ita ce mai nauyi, mai sanyi, mai yauƙi. Da hunturu mutum yana cin maiƙo da zaƙi, ba ya motsi sosai, sai ta taru ta daskare. Da rana ta fara zafi sai ta narke kamar man shanun da aka ajiye kusa da murhu, ta cika ƙirji da hanci, ta kashe wutar ciki da suke kira agni. Daga nan ne mura da kasala da rashin jin yunwa suke fitowa, in ji su.

To sai suka ce a yaƙe ta da kishiyarta. A ci abu mai ɗaci da mai yaji da mai bauri, a rage zaƙi da tsami da gishiri. Sha'ir da tsohuwar alkama da zuma, ruwan citta, motsa jiki, da murza jiki da busasshen gari maimakon mai, wanda suke kira udvartana. Barcin rana kuwa haramtacce ne a wurinsu a wannan lokacin, sai zafin Grishma, lokacin da ke biye da Vasanta, ya zo suke sassautawa. Zumar ma ba sa dafa ta, sai ruwan ya huce ake zubawa.

Ni ban yarda cewa akwai wata kapha da likita zai iya aunawa a jini ba. Amma ki cire sunayen ki dubi abin da ya rage: a ci abinci mara nauyi, a rage soye-soye, a tashi da wuri, a yi zufa, a daina sheƙa barci bayan cin rana. Wa zai ce wannan cuta ce? Ni kaina idan lokacin ya zo khichdi nake yawan ci da dare, shinkafa da wake mung da citta da kurkur, kuma na fi jin sakayau da safe. Wani abu da ya burge ni a littattafan nasu shi ne sun ce motsa jiki ya tsaya a rabin ƙarfin mutum, da zarar zufa ta tsattsafo a goshi numfashi ya koma ta baki, a dakata. Masu koyar da yoga na zamani da yawa sun manta da wannan.

Malamar Jinya:

'Yar'uwa, abin da Baban Yasmin ya faɗa game da abinci da barci ba ni da ja. Amma atishawar safe da ƙaiƙayin ido da ke zuwa daidai lokacin da itatuwa ke fure, ba zazzaɓi, wannan ya fi kama da jikinki ne ba ya shiri da ƙurar furanni. Ruwan citta ba zai hana ta shiga hancinki ba. Ki ga likita, wataƙila ya ba ki cetirizine ko maganin fesawa a hanci. Idan kuma kina jin ƙirjinki na yin fito ko numfashi na sarƙewa da dare, kada ki jira, ana iya samun asma a ciki. Ki lura ma, rufin bene da sassafe na iya zama inda kike kwasar ƙurar.

'Yar butar neti tana da amfani ƙwarai, likitocin hanci ma suna ba da shawarar wanke hanci da ruwan gishiri. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ba na wasa ba: kada ki taɓa zuba ruwan famfo kai tsaye. Akwai wata ƙwayar halitta, Naegleria fowleri, da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi. Idan an sha ta ba ta komai, amma idan ta bi ta hanci tana kaiwa ƙwaƙwalwa, kuma da wuya wanda ta kama ya tashi. A 2011 mutum biyu sun mutu a jihar Luwiziyana ta Amurka bayan sun yi neti da ruwan famfo. Ki tafasa ruwan na aƙalla minti ɗaya, ya huce, ki zuba gishiri gram 9 a lita guda, kusan ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Ki wanke butar ki kife ta ta bushe.

Ƙwayoyin cikin takarda kuwa ki karɓa ki yi godiya ki ajiye, kada ki haɗiya. Akwai reshen Ayurveda, rasa shastra, da ake sarrafa ƙarafa a zuba cikin magani da gangan. A wani binciken da aka wallafa a 2004, masu bincike sun sayi magungunan Ayurveda 70 a shagunan yankin Boston suka auna, 14 daga ciki suna ɗauke da dalma ko zaiba ko asenik. Dalma ba ta nuna kanta da wuri, sai ciwon ciki da ƙarancin jini sun bayyana. Vamana kuma aiki ne na kwanaki, ana shayar da mutum mai kafin ranar aman, kuma su kansu masu Ayurveda ba kowa suke yi wa ba. Don toshewar hanci kawai ban ga dalili ba. Idan har za ki je wurin vaidya, ki tambaya ko yana da digirin BAMS na likitancin Ayurveda, karatun shekara biyar da rabi ne, kuma ki gaya masa duk maganin da kike sha.

Abu Hanif:

A kan Surya Namaskar, ba ke kaɗai ba ce. A 2015, da za a yi Ranar Yoga ta Duniya karo na farko ran 21 ga Yuni, ƙungiyoyin Musulmin Indiya sun nuna ƙin amincewa da shi, kuma bai shiga jerin abin da gwamnati ta tsara a yi ranar ba. A Malesiya ma majalisar fatawa ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda addu'o'in da ake haɗawa da ita. Wasu malamai kuma suna ganin miƙe gaɓoɓi kawai, ba ambato ba niyyar bauta, motsa jiki ne. Ki tambayi malamin da kika amince da shi. Ni dai ba na fuskantar rana in sunkuya a lokacin fitowarta, ko da sunan motsa jiki.

Ɗalibar Pune:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Yaya Malamar Jinya, kapalabhati ɗin fa? Idan na yi sai in ji jiri.

Malamar Jinya:

Jirin daga saurin fitar da numfashi ne, kina zubar da iskar da jini ke buƙatar ya riƙe kaɗan, sai jijiyoyin kai su tsuke. Da kin ji shi ki tsaya. Mai ciki, mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko farfaɗiya ko gwaiwa, da wanda aka yi wa aiki a ciki kwanan nan, duk ba a son su yi shi, kuma ba a yi bayan an ci abinci. Idan hanci a toshe yake ma wahala kawai kike ba kanki. Ki koma numfashi a hankali, ki ja ta hanci ɗaya ki saki ta ɗayan.

Baban Yasmin, abu ɗaya zan ƙara a kan maganar yin zufa. Littafin ya ce Vasanta har tsakiyar Mayu, amma zafin Pune a Afrilu yana kusantar digiri 40. Wanda ya ce sai ya bi kalanda ya ci gaba da citta da masoro da tsalle-tsalle a wannan zafin, ruwan jikinsa zai ƙare. Ta yi motsinta kafin ƙarfe bakwai, a cikin ɗaki idan ƙurar waje na tayar mata da atishawa, ta kuma sha ruwa sosai ko da ba na firiji ba ne.