Neman kalmar Hausa: me za mu kira "screening" na jin jarirai?

Jama'a, a taimaka. Ina rubuta bayanin da za a karanta wa masu jego a kan duba jin jarirai, sai kalmar nan ta tsayar da ni cak.

Ga aikin: jariri yana barci, a sa masa wani ɗan abu mai laushi a kunne, na'ura ta aika siririn sauti. Kunnen ciki mai lafiya yakan mayar da amsa-kuwwa, na'urar ta ɗauka. David Kemp ne ya gano amsa-kuwwar nan a Landan a 1978. 'Yan mintoci ne, babu zafi, kuma kowane jariri ake yi wa, ba sai an ga wata alama ba.

Na fara rubuta "gwajin ji", na goge. Gwaji akwai ci da faɗuwa. Uwa ta ji an ce ɗanta ya faɗi, shi ke nan, ta koma gida tana ganin kurma ta haifa. Alhali sau da yawa ruwan haihuwa ne bai gama tsanewa a kunnen ba, ko yaron ya yi ta mutsu-mutsu. Na'urar ba ta yanke hukunci, ware waɗanda za a sake dubawa kawai take yi.

Wata 'yar uwa ta kawo "tantance ji", tunda rediyo ya saba mana da kalmar. Hajiya, na gode, amma a kunnena wanda aka tantance an riga an gama da maganarsa. Nan kuwa somin taɓi ne.

Ni na karkata ga "tankaɗen ji". Mai tankaɗe ba ta zubar da tsaki, turmi take mayar da shi. Ga kuma abokin tafiyarsa a shirye, tunda "tankaɗe da rairaya" muke cewa. Ƙa'idar da masana ji ke bi ta zauna daram: tankaɗe kafin wata 1, rairaya wurin ƙwararre kafin wata 3, fara taimako kafin wata 6, lokacin da ƙwaƙwalwa ke ɗibar harshe.

Wani malami ya ce yana tsoron kada kakanni su zaci tankaɗa jikansu za a yi ya faɗo. Na yi dariya, amma Malam yana da hujja, don haka a karon farko zan haɗa da bayani.

Abin da na rubuta: "A kawo jariri tankaɗen ji, wato dubawar farko, kafin ya cika wata 1. A sake kawo yaro in ya yi sanƙarau ko ƙyanda." Sakamako kuma biyu ne, "ya amsa" da "a sake dubawa". Wanda ke da gyara ya kawo kafin Laraba.