Hoton ƙaro irin na Robert Demachy: yaya ake yinsa?

Ɗalibi daga Garwa: Assalamu alaikum, malamai. Ina bincike kan Robert Demachy, mai hoton Faransa da ya rasu a 1936. Hotunansa sun fi kama da zanen gawayi, kuma an ce da ƙaro yake wanke su. Ƙaron da muka sani ne? Me ya sa wasu suke cewa aikinsa ba hoto ba ne?

Malam mai hoto, Njamena: Wa alaikumus salam, ƙanena. Shi ne dai, ƙaron ɗakwara. Ka nemi mai tauri da ake kira kitir, ka bar talha mai saurin marmashewa. Jiƙa awo 1 cikin ruwa awo 2 ko 3, ya kwana biyu, ka tace da farin ƙyalle. Ka zuba fentin ruwa kaɗan, sannan ka haɗa shi daidai wa daida da ruwan sinadarin bikromat na potasiyom, wato giram 10 cikin mililita 100.

Takarda ce tushen aikin. Ta masu zane mai kauri ake so, a jiƙa ta a ruwan zafi ta bushe domin ta gama tsukewa, a shafa mata jelatin, wato wani abu mai danƙo da ke toshe kofofin takarda, in ba haka ba fentin zai shige cikinta ya ɓata farin. Shafa haɗin siriri da buroshi mai laushi, ya bushe a duhu. Negatif ɗin dole girmansa ya zama girman hoton da ake so, don manna shi ake yi a kan takardar, a danne da gilashi, a fitar rana. Inda haske ya ratsa, ƙaron ya daskare ya riƙe fenti. Inda bai ratsa ba, ruwa ya tafi da shi. Bayan ka ɗauko ta daga rana, kife takardar a tasar ruwa kamar rabin awa, kada ka girgiza.

Ka sa safar hannu, don Allah. Bikromat guba ne, yana jawo ciwon daji, kuma ba a zubar da shi kusa da rijiya.

Hajiya mai zane, Marwa: Malam ya gama magana, sai dai zafinmu yana da nasa hukuncin. Takardar da aka shafa tana daskarewa da kanta ko a duhu, musamman da damina, don haka da ta bushe a yi aiki da ita nan take. A fara gwaji da guntu, minti 1, 2, 4, a inuwa mai haske, domin ranar tsaka ta yi ƙarfi. Idan hoton ya sulluɓe gaba ɗaya, haske bai isa ba. Idan yana ɓamɓarewa, shafin ya yi kauri: ƙaron daga sama yake daskarewa, na ƙasa ya narke ya kwashe shi. Shi ya sa mai hoto Heinrich Kühn da abokansa a birnin Biyana na Ostiriya suka riƙa yin shafi a kan shafi, sau biyu ko uku.

Malam mai hoto, Njamena: Gaskiya ne, Hajiya. Batun masu cewa aikin Demachy ba hoto ba ne kuwa, ƙanena, daga tasar ruwan nan rigimar ta taso. Tun wajen 1894 da ya kama wannan hanya, Demachy yakan bi hoton da buroshi yana jiƙe, ya share abin da bai so, ya bar sawun buroshin a fili. A ganinsa hannun mai hoto ne yake mayar da hoto fasaha. Alfred Stieglitz, mai hoton Amurka, ya buga aikin Demachy a mujallar Camera Work a 1904, amma da masu son hoto tsantsa, wanda hannu bai gyara ba, suka yi rinjaye, sai aka riƙa cewa kwaikwayon masu zane yake yi. Ni ban yarda ba, domin wanda bai san haske da negatif ba, buroshi ba zai cece shi ba.

Ka kula wajen bincikenka: daga baya ya koma amfani da tawada mai maiƙo, ya daina hoto a 1914, saboda haka ba kowane hotonsa ne na ƙaro ba. Da yawa daga cikinsu suna hannun ƙungiyar masu hoto ta Faransa, Société française de photographie, a Faris.