Alkakina watsewa yake yi a cikin mai, ku taimaka min

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin kan alkaki ku agaza min, sallah saura sati biyu kuma sau 3 kenan ina gwadawa abin ya ƙi.

Ga yadda nake yi, alkama mudu 1 na wanke na shanya na kai inji aka ɓarzo min, na raba biyu na mayar da rabi aka niƙa gari, na haɗa da ɗan yis da mai na kwaɓa da tauri na rufe ya kwana, da safe na sa ruwan kanwa kaɗan dan kashe tsami. Wajen naɗawa kam lafiya lau har sha'awa yake bani a kan faranti, amma ina sakawa a mai sai in ga ya fara tsagewa ta wajen murɗin, kafin in juya ya zama tsaki a ƙasan kasko. Waɗanda suka tsira kuma cikinsu tauri kamar dutse, ruwan zaƙin baya ratsa su, iya bayan kawai.

Kanwar ce tayi yawa ko ɓarjin ne yayi girma? Ko wutar ce, dan a gas nake suya.

Sannan zuma nake so in sa maimakon suga saboda Hajiyarmu bata son zaƙi mai hawa kai, zumar ma sai an dafa ta da tsamiya ko haka ake tsomawa da zafinsa? Wallahi na riga na yi mata alƙawari, kuma asarar alkamar nan tana min ciwo. Allah ya saka da alheri.